An Ci Gorona a Tiga

Salamu alaikum masu bibiyata. Waɗanda suka yi min addu'a a ƙarƙashin rubutun da ya wuce, na gode. Wadda kuma ta rubuto cewa, "Ke dai Malama kin cika zargi," na gani, ban kuma ji haushi ba. Ki karanta na yau, sai ki gaya min in ke ce ya za ki yi.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Nabila. A zangon Takoradi aka haife ni, can ƙasar Ghana, inda in ka buɗe tagar ɗakin Mmana, wato mahaifiyata, iskar teku ce take fara shigowa. Shekara biyu ke nan saura kaɗan ina koyar da Turanci a makarantar kuɗi ta Alhaji Rufa'i a nan Tiga. A gidan Baba Maikano nake zaune, wani tsohon masunci, shi da matarsa Inna Kulsumu suka ba ni ɗaki tun ranar da na sauka da akwatina. Yarjejeniyata da makaranta za ta ƙare ƙarshen Yuli, kuma tun watan Disamba na gaya wa Alhaji ba zan sabunta ba, gida zan koma.

Mako biyu da faɗa masa haka, sai ga wani saurayi ya fara yi min sallama. Ghali sunansa, mai gyaran injin ban ruwa. Ɗan ƙanwar Alhaji Rufa'i ne. Ku haɗa waɗannan biyun da kanku, ni dai su suke hana ni sakewa.

Ranar Litinin na shiga aji biyu da rajista a hammata. Yara sittin da uku ne a rubuce, arba'in da ɗaya na samu a kan benci, don an yi ruwa ranar Lahadi, saura duk an tafi da su shuka. Na saba. In ba shuka ba tsinkar tumatir, in ba tumatir ba ranar kasuwa. Waɗanda suka zo ɗin ma rabinsu ƙarnin kifi suke, sun taya iyaye cire koma kafin su sa kayan makaranta. Da farkon zuwana hanci nake toshewa a ɓoye, yanzu ranar da ban ji ƙarnin ba sai in ji kamar ajin ba nawa ba ne. Su ma sun daina yi min dariya. Da can in na ce "Inna ya tafi kasuwa" sai aji ya kece, har da masu buga benci, ana ta "Anti Ghana ta mayar da Inna namiji." Na koya musu Turanci, sun gyara min Hausa, mun yi canjaras.

Ina tsakiyar rubutu a allo Malama Rabi, mai koyar da lissafi, ta leƙo ta taga tana danne dariya.

"Rediyon makaranta, ana nemanki a ofis."

"Wani uban ne kuma?"

"Daga Badafi. Da 'ya'ya uku."

Na ajiye alli na karkaɗe hannu. Wannan ma yana cikin aikina, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. Duk uban da ya zo yana shakkar sa ɗansa, sai Alhaji ya aika a kira ni in yi Turanci a gabansa. Ba ruwansa da abin da zan ce. Akwai ranar da haushi ya ishe ni na karanto musu yadda ake haɗa shito, miyar barkonon ƙasarmu, tun daga soya albasa, uban yaron ya yi ta gyaɗa kai yana "masha Allah".

Na sami Alhaji cikin babbar riga ruwan ƙwai, ya harɗe a bayan tebur, baƙon kuma yana zaune a bakin kujera da hularsa a gwiwa.

"Yawwa, ga ta nan. Malama, ɗan yi musu."

Na yi musu. Na ce barka da zuwa, na ce yara za su ji daɗin makaranta. Mutumin ya saurara har na gama, sannan ya juya wurin Alhaji.

"To amma Alhaji, an ce min tafiya za ta yi bana."

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na motsi. "Tafiya ina? Ai Malama ta zama tamu. Ka kawo yaranka kawai."

Ban ce komai ba a gaban baƙo, an yi min tarbiyya. Amma da zan fita idona ya faɗa kan wani ƙyalle na talla a naɗe a bayan ƙofa, irin wanda ake ratayawa a bakin titi. Gefensa ya ɗan warware. Na ga rabin fuskata, da koren mayafin da na sa ranar bikin ba da kyaututtuka, a ƙasa kuma an rubuta shekarar karatu mai zuwa. Shekarar da na ce ba na nan.

Ina komawa aji wayata ta yi motsi a jaka. Ghali ne.

"Malamata, an tashi lafiya? Na wuce ta bakin makaranta zan je duba injin wani, na rage gudu ko zan hango ki."

Na rubuta, "Lafiya lau." Na goge. Na rubuta, "Ka san kawunka ya buga hotona?" Shi ma na goge. Ƙarshe na tura masa, "Lafiya lau, Allah ya ba da sa'a."

Ya dawo da, "Yau amsar gajera ce. Yaran ne suka ɓata miki rai?"

Kuma bari in gaya muku gaskiya tunda don ita nake wannan rubutun: ina son Ghali. Ban so in so shi ba, amma ya faru. Shi kaɗai ne a garin nan bai taɓa cewa in yi masa Turanci ba. Ranar da na ce ina kewar gida, bayan la'asar ya zo ya ce in ɗauko mayafi, muka tafi da Malama Rabi har bakin dam, wurin da iska take kaɗa ruwa yana dukan duwatsu. Ya ce, "Ga namu tekun, ki yi haƙuri da shi." Na yi dariya na ce wannan ai randa ce, amma da na rufe ido na ji ƙarar ruwan sai da na yi hawaye. Ya zauna nesa kaɗan yana tambayata labarin garinmu, yadda jiragen ruwa suke shigowa tasha, girman injinansu, su wa suke gyara su. Ya saurare ni har rana ta yi ja. Mutumin da ya yi maka haka, ka ce ba ka son sa ai ƙarya kake.

Ranar Talata na taso wajen ƙarfe biyu da rabi, rana kamar ta fasa kai, ga littattafan gyara a leda. Tun daga bakin layinmu na fara ganin abin da ban gane ba. Mai kifin da nake wucewa kullum ta ɗago daga kan kaskonta ta ce, "Malama, Allah ya sanya alheri." Na ce amin, na ɗauka ko don jarrabawa ta kusa. Gaba kaɗan wata tsohuwa ta riƙe min hannu, bakinta jawur, ta ce, "Allah ya nuna mana lokacin, 'yar nan. Mun ci, mun gode."

Mun ci me?

Na shiga gida na tarar da Inna Kulsumu a gindin murhu, ta ci ɗaurin sabuwar atamfarta ta sallah, ranar Talata tsaka. A gefenta ga faranti da ragowar goro huɗu a cikin jiƙaƙƙen ganye.

"Inna, biki ake?"

"Zo nan, ja'ira. Ashe haka kike da zurfin ciki?" Ta jawo ni ta rungume, hayaƙi da turaren wuta duk a jikinta. "Alhaji Rufa'i da kansa ya zo da hantsi, shi da dattawa biyu. Sun kawo gaisuwar Ghali. Ƙwarya guda cur, ɗan Gwanja, na ƙasarku ma. Malam maigidana ya karɓa, an yi addu'a, an raba."

Ledar littattafan ta suɓuce daga hannuna. "An raba wa wa?"

"Unguwa mana. Har masallaci an kai." Ta sake ni ta dube ni. "Au, ba murna kike ba? Ni har na tura wa mahaifiyarki albishir a waya."

Jama'a, Inna da Mmana sun saba tura wa juna saƙon murya, gaisuwar Juma'a da ta sallah, ni ce ma na haɗa su. Ban taɓa kawo wa raina ta nan za a kashe ni ba. Domin a gida ba wanda ya san da Ghali. Ina jira ne in tabbatar da shi tukuna.

Na shige ɗaki na turo ƙofa. Ban cire hijabi ba ma waya ta fara ruri. Mma. Zan gyara muku Hausarta, don in na rubuta yadda take faɗa ku ma benci za ku buga.

"Nabila."

"Na'am, Mma. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki. Ubanki mutuwa ya yi?"

"Subhanallahi, Mma..."

"Na ce mutuwa ya yi? Yana nan a kan kekensa yana ɗinki, da ransa da lafiyarsa, aka ci goronki a wata ƙasa? Mu da muka haife ki sai dai mu ji a saƙon murya, har da guɗa a ƙarshe?"

"Wallahi ban sani ba. Ina makaranta aka yi."

"Yaron fa? Shi ma ba ki san shi ba?"

Na kasa musantawa.

Ta sauke murya, wanda ya fi faɗan ciwo. "Koyarwa muka bar ki ki je. Babanki tun da ya ji ya rufe shago ya tafi masallaci. Ya ce in gaya miki ranar Juma'a in ya idar da la'asar zai kira ki. Kalma ɗaya yake so. In kina son yaron, ya tako da ƙafarsa har Takoradi shi da manyansa, a yi abu yadda ake yi. In ba kya so, ki haɗa kayanki ki taho, ba sai kin jira Yuli ba."

Ta kashe. Na zauna a bakin katifa ina kallon kwalbar shitona da ta kusa ƙarewa, da kalandar da nake soke kwanaki a kai. Kwana uku aka ba ni in san ko mutumin da nake so da kansa ya zo, ko aiko shi aka yi ya ɗaure wa kawunsa ni.

Na kira Ghali bai ɗaga ba. Can ya turo saƙo: "Ina Doguwa, wani babban inji ya tsaya, sai Juma'a zan dawo. Na ji Kawu ya je. Ki yi haƙuri, zan yi miki bayani baki da baki."

Doguwa. Ranar da aka kai goronsa. Kun ga irin abin da nake faɗa?

Washegari da na dawo na sami Baba Maikano a zaure yana ɗinke wata tsohuwar koma, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa. Ya daina shiga ruwa, amma hannunsa bai yarda ya huta ba. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina juya zoben hannuna.

"Baba, magana ce da ni, a yi min afuwa."

"Faɗi, 'yata."

"Goron jiya. So nake a mayar."

Ya tsayar da allurar. Bai yi fushi ba, mamaki ne a fuskarsa, na mutumin da ya yi alheri aka ce ya yi laifi.

"A mayar da me? Wanda liman ya ci, ko wanda matan layin nan suka ci?"

"A sayi wani a kai musu."

"Wani goron ai wani goro ne. Wancan an yi addu'a a kansa." Ya ajiye komar a gefe. "Nabila, ni ban ba da ke ba. Ba ni da wannan ikon, na kuma faɗa musu. Gaisuwa suka kawo, na karɓa."

"Amma Baba, ina da uba."

"Na sani. Allah ya ja da ransa." Ya dubi bakin ƙofa. "Lokacin da ruwan dam ɗin nan ya ci garinmu ina saurayi. Aka kwaso mu aka zube a nan, kowa da wanda ya sauke shi. Mahaifina ya bi wasu 'yan uwa can wajen Tudun Wada, ni na zauna wurin wani bawan Allah mai suna Magaji. Ba dangin iya ba na baba. Da na ga Kulsumu, shi ya shige min gaba. Ita ma wanda ya sauke su aka fara gaisarwa kafin a nemi ubanta. Haka muke yi tun daga lokacin. Wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinka shekara biyu, in aka zo nemansa aka tsallake ka, an ce ba ka riƙe shi da kyau ba. In kuma aka zo ka kore su, ka ce wa gari yarinyar tana da abin faɗa. Wanne kike so in yi miki a ciki?"

Na zo da fushina a shirye, tsoho ya kwance min shi. Shi a wurinsa mutuncina ya tsare.

"Baba, su sun san haka za ka yi?"

"Duk ɗan garin nan ya sani."

To, nan ne na gano dabarar. Alhaji Rufa'i ɗan garin nan ne. Ya san in ya shigo zauren nan da goro ba za a mayar da shi ba, ya san kafin azahar unguwa ta cinye, ya kuma san ƙarfe nawa nake tashi daga makaranta, tunda shi ya tsara jadawalin.

Ranar Alhamis ban jira a kira ni ba. Ana fita tara na shiga ofishinsa, na tsaya ban zauna ba.

"Alhaji, me ya sa ba a tambaye ni ba?"

"A'a, surukata! Zauna mana." Ya washe baki. "Ana tambayar yarinya ranar kai gaisuwa? Ai kunya za a ba ta. Ni ne kawunsa, ubansa ya rasu, wa zai je in ba ni ba?"

"Wancan fa?" Na nuna ƙyallen bayan ƙofa.

Ko kallonsa bai yi ba. "Shiri ne kawai. Mace ai inda mijinta yake nan take. Ghali kuma nan aka binne cibiyarsa, ina za shi? Ga aikinki, ga ɗalibanki, ga Inna Kulsumu. Mu mun yi miki gata ne, Malama."

"Kai ka ce masa ya zo wurina?"

Ya ɗauki carbinsa daga kan tebur ya fara ja. "Babba yana iya nuna wa yaro hanya. Bin ta kuma ai sai yaro ya ga dama."

Na fito. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya na sami Malama Rabi tana cin gyaɗa, na zazzage mata komai. Ta saurara tana ɓare gyaɗarta ba gaggawa.

"To an turo shi, sai me?" ta ce. "Sau ɗaya ake turo mutum, Nabila. Wata biyar yana zarya, rana da ruwa. Wannan kuma ƙafarsa ce."

"In aikin da aka ba shi bai ƙare ba ai dole ya yi zarya."

"Ke kam ko mala'ika ne ya zo sai kin nemi takardarsa."

"Zan nema ɗin."

Ta miƙo min gyaɗa na ƙi karɓa, ta zuba min a cikin jaka.

Juma'a muna tashi da wuri. Na yi wanki, na share ɗaki, na sake sharewa. Na ciro akwatina daga ƙarƙashin gado na buɗe, na zauna ina kallonsa ba tare da na sa ko ɗankwali a ciki ba. Agogon Ghana yana bayan na nan da awa ɗaya, don haka na san kiran Babana zai shigo wajen ƙarfe biyar. Huɗu da kwata saƙon Ghali ya shigo: "Ina zaure."

Na sa doguwar riga baƙa marar ado, na yafa farin mayafi. Ban shafa komai a fuska ba, ko kwalli. Inna ta bi ni da kallo ta ce, "Haka za ki fita wurin miji kamar mai zuwa ta'aziyya?" Na ce mata zafi ake.

Yana zaune a kan tabarma cikin shadda ruwan toka, sabuwa, karin guga bai ma kwanta ba. Ya sha turare, amma ƙanshin fetur yana nan a ƙasa, bakin faratansa kuma da baƙin mai wanda sabulu ba ya fitarwa. Zuciyata ta yi abin da ta saba yi in na gan shi, na ji haushinta. Na zauna a can ƙarshen tabarmar na ajiye waya a tsakaninmu.

"Malamata..."

"Tambaya uku zan yi maka. Kada ka yi min rantsuwa, amsa kawai. Ka san za a kawo goro ranar Talata?"

Ya sunkuyar da kai. "Na san yana shiri. Ban san ranar ba. Na ce masa ya bari in yi miki magana, ya ce yara ba sa tsara wa manya."

"Shi ya turo ka wurina tun farko?"

Ya daɗe yana murza makullin babur ɗinsa. "Eh."

Na san amsar, amma jin ta daga bakinsa daban ne.

"Ya kira ni ya ce malamarsa za ta gudu, in je in gwada sa'ata, in Allah ya yi kowa ya huta. Na ce to. Amma Nabila, shi abin da yake so daban, ni abin da nake so daban. Ni ban taɓa nufin in tsare ki a nan ba. Kin ga shaida."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani abu a naɗe cikin leda, ya warware a hankali ya ajiye a gabana. Fasfo ne, kore, sabo fil.

"Kawu bai san da shi ba. Duk ranar da kika ce mu tafi, na shirya. In je gaban mahaifinki in durƙusa, in zauna a garinku in ya yarda. Don ke na yi shi."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ɗauka ina shafa bangon, ina cewa a raina, Nabila kin zalunci bawan Allah, Rabi ta fi ki gaskiya. Na buɗe don in ga hotonsa in yi masa tsiya. Ya yi kyau, ya ɗaure fuska kamar an ce kada ya yi numfashi.

Amma aikin malanta ya lalata ni. Ba na iya riƙe takarda ban duba kwanan wata ba.

Nuwamba. Sha tara ga Nuwamban bara.

Na sake dubawa. A Nuwamba ban gaya wa Alhaji zan tafi ba tukuna. A Nuwamba ban san akwai wani Ghali a duniya ba.

"Don ni ka yi shi?"

"Don ke."

"Wata biyu kafin ka fara yi min sallama?"

Makullin ya tsaya a hannunsa.

"Na daɗe ina ganinki a hanya..."

"Na ce kada ka yi min rantsuwa, ban ce ka yi min ƙarya ba. Ga ta ukun. Da ni 'yar Kiru ce mai koyar da lissafi, ba ni da gari a bakin teku, ba tashar jiragen ruwa a bayan gidanmu, da ka zo?"

A cikin gida ina jin Inna tana daka, a waje wani babur ya wuce.

"Shekara goma ina kwance injin mutane a cikin taɓo," ya ce a ƙarshe, muryarsa can ƙasa. "Na gaji. Na yi fasfo ban san inda za ni ba, ban san kowa a ko'ina ba. Da Kawu ya kira sunanki, na ce ga hanya. Ba zan ɓoye miki ba, haka na fara. Amma ranar da kika yi kuka a bakin dam na koma gida na kasa cin abinci. Tun daga ranar ban san yadda zan raba miki biyun ba. Ni kaina na kasa."

Kun ji. Kawu yana so ya ɗaure ni da shi, shi yana so ya kwance kansa da ni, ni kuma ina tsakiya da farin mayafi, an riga an cinye gorona. Na so in jefa masa fasfon a fuska. Na so kuma in ce ya sake faɗin maganar bakin dam ɗin. Ban yi ko ɗaya ba, don a daidai lokacin wayar ta kama haske a kan tabarma tana ruri, sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Baba Takoradi.

Muka kalle ta mu biyu.

"Mahaifina ne," na ce. "Kalma ɗaya yake jira, ni kuma ba ni da ita." Na tura wayar gabansa da yatsa. "Ɗauka. Abin da ka gaya min yanzu, da Kawu da fasfo da Nuwamba, ka gaya masa da bakinka. In ka rage ko ɗaya, gobe da safe ina tasha."

Ta yi ta ruri har ta katse. Bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na fara tattara mayafina zan tashi. Sai ta sake kamawa.

Ghali ya goge tafin hannunsa a jikin sabuwar shaddar, har ya bar mata baƙi. Ya sauka daga kan tabarma ya durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, kamar Babana yana tsaye a gabansa. Ya ɗauki wayar da hannu biyu ya kai kunne.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da Juma'a. Ba Nabila ba ce, sunana Ghali. Kafin ka ce komai, akwai abin da ya kamata ka sani a kaina, kuma ba mai daɗi ba ne."

Ni kuwa, da duk zargin nan nawa, sai na tsinci kaina ina roƙon Allah kada Babana ya kashe wayar.